Huda Ɗaya a Fatar Dila

Kawuna, wan mahaifiyata, ba ya yaba harbi sai ya ga fata. Idan wani maharbi ya dawo daga daji yana ba da labarin yadda ya kayar da mazo ko gada, Kawu kan saurara har ƙarshe, sa'an nan ya ce a kawo masa fatar. Yakan ɗaga ta sama, ya sa ta tsakaninsa da rana, ya ƙirga wuraren da haske ke ratsowa. In huda ɗaya ce a bayan kafaɗa, sai ya gyaɗa kai ya ce, “Madalla.” In biyu ne, ya tambayi nisan da aka tsaya. In kuwa fatar ta zama rariya, sai ya miƙa wa mai ita kayansa ya koma kan abin da yake yi, shirun nan kuwa ya fi zagi ciwo.

A Yankara na tashi, garin da ke kan hanyar Funtuwa zuwa Gusau, cikin ƙasar Faskari, daf da iyakar Katsina da yankin da aka yanka a 1996 aka kira jihar Zamfara. Kudu da mu dajin Kogo ne, wanda ya miƙa wajen Sabuwa har ya je ya tarar da dazuzzukan Birnin Gwari. A ƙuruciyata, wajen ƙarshen shekarun 1980, mutum na iya shiga wannan daji da asuba shi kaɗai, babu abin da zai sa gabansa ya faɗi sai maciji ko kura.

Farauta daban, harbi daban, ko da yake a birni an cuɗanya su. Farauta ta taron jama'a ce: bayan an kawar da amfanin gona, a buga gangi, a fita da karnuka da sanduna da barandami, kowa ya ci zomo ya ci gudu. Maharbi kuwa shi kaɗai yake tafiya, da sanɗa, wani lokaci da kan burtu ɗaure a goshinsa don namun daji su ɗauka tsuntsu ne ke kiwo. Kawu maharbi ne. Da baka ya fara, irin na iyayensa, daga baya ya koma bindigar baushe, wadda wasu ke ce wa bindigar toka, masu ba'a kuma su ce harba-ka-ruga. Sunan ƙarshen nan shi ne ya fi faɗin gaskiyarta. Harbi ɗaya take yi. Kafin ka sake ɗura ta, abin da ka harba ya ɓace, ko kuma ya iso inda kake.

Ba don ƙauyanci wannan bindiga ta daɗe a hannunmu ba. A Turancin Najeriya da Gana har yau sunanta bindigar 'yan Denmak, saboda fataken ƙasar da suka riƙe ganuwar Kiristiyansbog a Ankara ta gaɓar teku, babban birnin Gana na yanzu, har zuwa 1850. Da ƙasashen Turai suka ƙulla yarjejeniyar Burasels a 1890, sai suka taƙaita shigo da bindigogin zamani cikin mafi yawan Afirka, suka bar mana ƙofar masu ƙanƙara da albarushin kasuwa. Maƙeranmu suka koyi ƙirar, suka ci gaba da ita. Dokar makamai ta Najeriya ta 1959 ma ta ware wa bindigogin da ake ɗurawa ta baki aji nasu na daban. Abin da ya biyo baya shi ne, maharbin Bahaushe bai taɓa sanin harsashin da wani ya auna masa a masana'anta ba. Kowane harbi shi ke haɗa shi da hannunsa: albarushi, sa'an nan ɗan tsumma a danna da sandar ɗuri, sa'an nan dalma, sa'an nan wani tsumman. Alhakin abin da ya fito daga bakin bindigar a wuyansa yake tun daga farko.

Kawu yana da ƙahonin gada guda uku, ya yanke su tsawo daban-daban, ya ratsa su a tsirkiya ɗaya. Su ne mudunsa. Ƙarami na zabi da fakara da zomo, na tsakiya na gada da dila, babba na mugun dawa, shi kuwa babban sau biyu kacal na taɓa ganin ya cika shi. Haka dalmar ma: ga tsuntsu, ƙanana masu yawa don su watsu, ga dabbar da ake son fatarta, ƙwaya ɗaya da ya narka ya mulmula da kansa. Wasu maharba na cusa guntayen ƙusa da 'ya'yan boris na keke, duk abin da hannu ya kai. Kawu na ce wa irin wannan ɗuri “ɗurin haushi”. Ba ya barin gida da bindiga a ɗure, domin, in ji shi, wanda ya ɗura tun a gida ya yanke wa dabbar da bai gani ba hukunci. Sai ya ga sawu, ya san da wa zai gamu, sa'an nan ya tsuguna ya zaɓi ƙaho.

Ina ɗan shekara goma sha huɗu wani dila ya addabi unguwarmu ta bayan gari. Ya fara da kaji, ya koma 'yan awaki. A daidai lokacin kuma wani baduku ya roƙi Kawu fatar dila cikakkiya, har kai da wutsiya, domin wani mai magani ya yi masa alkawarin kuɗi mai tsoka. Hunturu ne, lokacin da gashin dila ya fi cika. Muka kwana biyu muna bin sawunsa har muka gane inda yake ratsa fadama da sanyin asuba. A dare na uku Kawu ya miƙo mini tsirkiyar ƙahonin ya ce, “Ɗan nan, yau kai za ka ɗura, kai za ka harba.”

Na cika ƙahon tsakiya kamar yadda na sha gani. Amma da Kawu ya juya yana duban inda iska ke kaɗawa, sai na ƙara kusan rabin ƙaho, na kuma jefa ƙananan dalma biyar a kan babbar. Tunanina a lokacin, kuma na tabbata shi ne tunanin duk wanda bai taɓa harbi ba, shi ne yawa ya fi tabbas. Ba na son dilan nan ya tsira a ce ni ne na kuskure.

Ya ɓullo gari na wayewa, yana tafe yana tsayawa, kamar ya san da mu. Na ja kunama. Abin da na sani bayan nan shi ne ina zaune a ƙasa, kafaɗata kamar jaki ya harbe ni, hayaƙi ya rufe ko'ina. Bakin bindigar ya yi tsalle, dalmar ta watsu, ta same shi a cinya da kwiɓi. Ya ja jiki ya shige sarƙaƙiya. Sai bayan azahar muka same shi, da sauran numfashi, ƙudaje sun riga mu. Kawu ya ƙarasa shi da sanda. Bai tambaye ni abin da na yi ba. Ya ji a ƙarar bindigar. Ya feɗe shi a wurin, ya ɗaga fatar ya nuna mini rana ta cikinta, ya ce ranar kasuwa ni zan kai wa baduku da hannuna. Badukun ya juya ta sau biyu ya ce, “Samari, fata aka aiko ka da ita ko matankaɗi?” Ya ba ni kuɗin da bai kai na albarushin da na ƙona ba.

A hanyar komawa gida, don in rage wa kaina kunya, na ce ai Hausawa sun ce harbi a wutsiya ya fi kuskure. Kawu ya tsaya cak. Ya ce, “Wanda ya yi wannan magana bai taɓa bin jini daga hantsi zuwa azahar ba. In ka kuskure, ka yi asarar albarushi, dila ya koma ga 'ya'yansa. In ka harbi wutsiya, ka yi asarar albarushi, ka yi asarar fata, ka kuma ɗauki alhaki.”

Boko ya ɗauke ni daga Yankara zuwa Zariya, karatun aikin gona kuma ya kai ni jihar Kansas ta Amurka, wadda jami'arta ke da tsohuwar alaƙa da Jami'ar Ahmadu Bello tun shekarun 1960. A can na san wani dattijo makiyayin shanu da muke gwajin ciyawa a gonarsa. Wata rana da sanyi ya tsananta ya gayyace ni ɗakinsa na ƙarƙashin ƙasa in ga abin da yake kashe dare da shi. Teburi ne dogo, da wani ɗan injin matsi na hannu a ɗaure a gefensa, da sikeli ƙarami irin na maƙeran zinariya, da kwanson harsasai na tagulla a jere kamar ƙwai a faranti, da littafin rubutu da ya yi baƙi don shafa. Harsashin farautar koyoti yake haɗawa.

Koyoti wani karen daji ne na Arewacin Amurka, ya ɗan fi dila girma, ya kuma yi kama da shi a fuska da hali: satar 'yan tumaki, kuka da dare, da wayon da ya sa 'yan asalin ƙasar suka ba shi matsayin da mu muka ba dila, malamin daji, a tatsuniyoyinsu. Kamannin ba na ido kaɗai ba ne. A 2015 masu binciken ƙwayoyin halitta suka nuna cewa dilan nan mai ruwan zinariya na arewaci da yammacin Afirka ba jinsi ɗaya ba ne da takwaransa na Asiya da Turai kamar yadda aka daɗe ana zato. Ya fi kusa da kyarkecin ƙasashen sanyi da kuma koyoti. Ashe 'yan uwa biyu ni da dattijon nan muka yi ta bi, kowa a nahiyarsa.

Harsashin zamani abu huɗu ne: kwanso, da 'yar ƙyastun da ke gindinsa wadda ke tayar da wuta, da albarushi, da ƙwayar da ke fita. Bayan harbi kwanson na nan, ana iya sake cika shi sau da yawa. A Amurka wannan halal ne a doka, har akwai kamfanoni irin su Hornady da RCBS da Sierra da ke sayar da kayan aikin da littattafan awo. A Najeriya ba haka ba ne, mallakar harsashi ma sai da lasisi. Ma'auninsu shi ne giren: guda 7,000 ke yin laba ɗaya, wato giram ɗaya ya ɗan haura giren 15. Dattijon yana auna albarushinsa har zuwa kashi ɗaya cikin goma na giren. Na tambaye shi me ya hana shi sayen na kanti. Ya ce na kanti an yi shi ne don ya yi aiki a kowace bindiga, shi kuwa bindiga ɗaya gare shi, kuma kowane bututu da irin rawar da yake yi idan wuta ta tashi. Aikinsa shi ne neman awon da zai sa ƙwaya ta bar bakin bututun a daidai wuri ɗaya na wannan rawa kowane lokaci. Yakan fara daga mafi ƙarancin awon da littafi ya yarda, ya haɗa biyar, ya ƙara kaɗan ya haɗa wasu biyar, ya je ya harba a takarda daga nisan yadi 100, ya rubuta. Wanda ya tara hudojinsa biyar cikin faɗin da bai wuce inci ɗaya ba, shi ne nasa. Sau da yawa, in ji shi, ba mafi ƙarfin ne ke cin wannan jarrabawa ba.

Nan na gyara zama.

Matsalar fata kuwa ga yadda take. Bindigogin da suke amfani da su, irin su .22-250 Remington da .223 Remington da .204 Ruger wadda ta fito a 2004, ƙananan ƙwayoyi suke jefawa, masu nauyin giram biyu zuwa uku da rabi, amma da gudun da kan haura mita 1,000 a daƙiƙa, kusan ninki uku na gudun sauti. Ƙarfin da ƙwaya ke ɗauke da shi ba daidai da gudunta yake ƙaruwa ba; in gudu ya ninka biyu, ƙarfi ya ninka huɗu. Wannan ƙarfi dole ya sauka wani wuri. Huda ta shiga ƙarama ce, ba ta kai kan ɗan yatsa ba, gashi ma na rufe ta. Ta fita ita ce ke ɓata fata, domin ƙwayar ta riga ta baje, tana kuma tura guntayen ƙashi a gabanta. Saboda haka maharbansu suka rabu biyu. Wasu na son ƙwaya mai siririyar rigar jan ƙarfe, wadda za ta shiga ta tarwatse a cikin ƙirji, ta zube duk ƙarfinta a can, kada ta fita sam. Wasu na son mai tauri, wadda za ta ratsa ta wuce ta bar ƙananan hudoji biyu. Kowane ɓangare da ranar kukansa. Mai taushin, in gudunta ya yi yawa ko ta ci karo da ƙashin kafaɗa, a kan fata take fashewa, ta yi rauni kamar tafin hannu ba tare da ta kashe ba. Mai taurin, in ba ta sami wuri mai kisa ba, sai dabbar ta gudu da ita ta je ta mutu inda ba mai gani. Dattijon na ɓangaren farko ne, amma yana rage gudu da gangan, yana kuma ƙin harbi in koyoti bai ba shi gefe ba.

Ya ɗauko wata fata da ya feɗe ba tare da ya tsaga ciki ba, kamar yadda ake cire fatar akuyar da za a yi salka da ita. Ya juya ta, ya ɗaga ta ga fitila, ya nuna mini huda ɗaya. Na rasa abin da zan ce masa. Ta yaya zan bayyana cewa na taɓa ganin wannan ɗaga hannu, a wata ƙofar gida mai nisan dubban mil, daga mutumin da bai san giren ba, bai kuma taɓa rubuta ko da baƙi ɗaya na boko ba?

Ba ina cewa ƙahon gada daidai yake da sikeli ba. Bindigar baushe ba ta da zanen murɗe a cikin bututunta da zai juya ƙwaya ta tafi sak, albarushinta kuma yau ƙarfi gobe laushi, gwargwadon danshi da hannun wanda ya haɗa. Abin da Ba'amurke ke samu da awo daga yadi 300, Kawu da gwiwoyinsa yake biyansa, yana rarrafe har sai ya ga ƙiftawar idon dabba. Ba kuma ina wanke maharba ba. Gwanki da ɓauna sun yi ƙaranci a dazukanmu tun kafin a ji sunan ɗan bindiga, kuma harbi da ƙona daji na da kasonsu a ciki, kamar yadda a wasu jihohin Amurka ake gasar kashe koyoti a tara gawarwaki don kyauta. Abin da na gani a wurin mutanen nan biyu ƙarami ne, amma na hakikance da shi: akwai mai duba aikinsu bayan harbi. Fata na zuwa kasuwa. Duk wanda ya san cinikin ƙiraga da fatu a Kano, inda kuskuren wuƙa ɗaya ke sauko da fatar jar akuyar Sakkwato daga aji zuwa aji tun kafin ta ga ruwan bagaruwa a majema, ya san irin tarbiyyar da mai saye ke yi wa hannun mai fiɗa. Haka yake yi wa hannun mai ɗuri.

Kasuwar tasu ma ta girgiza. Gashin koyoti galibi bakin hular rigunan sanyi ake yi wa ado da shi, kuma a 2021 kamfanin Canada Goose, wanda ya yi suna da irin waɗannan riguna, ya sanar da cewa zai daina amfani da gashin dabbobi. Farashi ya yi sanyi. Dattijon ya rubuto mini cewa fatar ba ta ƙara biyan kuɗin man mota, amma awonsa na nan yadda yake, domin hannu ya riga ya saba.

Tamu kasuwar ba farashi ne ya kashe ta ba. Dajin ne aka ƙwace. A ƙarshen 2020 gwamnatin tarayya ta sanya Kogo cikin sababbin gandayen daji goma na ƙasa. A daren 11 ga Disamba na wannan shekara kuma 'yan bindiga suka kwashe ɗalibai sama da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara. A 2021 gwamnatin Katsina ta hana motocin haya bin hanyar Ƙanƙara zuwa Sheme, ta dakatar da cinikin dabbobi a kasuwannin yankin, aka kuma yanke layukan waya a Faskari da Sabuwa da Ƙanƙara da maƙwabtansu. A Oktoban 2023 Gwamna Dikko Raɗɗa ya ƙaddamar da rundunar tsaron al'umma. Tsakanin waɗannan shekaru, bindigar baushe ta sauka daga kafaɗar maharbi ta koma ta ɗan sintiri. Ba na ganin laifin wanda ya tsaya gadin ƙofar gidansu da abin da ya samu. Amma ina ganin yadda ake ɗura ta yanzu. Tun magariba ake ɗurawa, ga wanda ba a gani ba, kuma a cika har sai zuciya ta kwanta, zuciyar mai tsoro kuwa ba ta da mudu. An sha samun wanda ɗurin ya faɗa wa makiyayi ne da bai san hawa ba bai san sauka ba, danginsa kuma su zo ramuwa a kan wani wanda shi ma bai sani ba.

Wani ɗan ƙanwata ya rasa yatsu uku a hannun hagu. Ya sami harsasan zamani, ya farke su, ya juye albarushinsu cikin bindigar baushe don ta ƙara ƙarfi. Albarushin zamani, marar hayaƙi, matsin da yake tayarwa ya fi ƙarfin bututun da maƙerin ƙauye ya yi. Da ya ja kunama, bindigar ce ta fashe. Babu wanda ya taɓa gaya masa, domin waɗanda suka sani sun tsufa, ko sun yi hijira, ko an binne su.

Kawu yana Funtuwa yanzu, a ɗakin da muka kama masa bayan an kai hari ƙauyen da gonarsa take. Idanunsa sun yi hazo. Da na je gaishe shi bayan sallar layya, na same shi zaune a kan buzun mazon da na sani tun ina yaro, gashin duk ya kaɗe. Na ba shi labarin dattijon Kansas, wanda na sha ba shi, shi kuma ya sha yi kamar bai taɓa ji ba. Ya tambaye ni, kamar kullum, taku nawa Baturen ke tsayawa. Na ce wajen ɗari uku. Ya yi dariya ya ce ashe bai taɓa jin warin dila mai rai ba.

Da zan tafi ya sa aka ɗauko masa wata tsohuwar jakar fata, ya lalubo tsirkiyar ƙahonin ya miƙo mini. Biyu ne suka rage. Babban, in ji shi, yaran unguwa sun ara tun farkon tashin hankali, ba su dawo da shi ba. Ƙananan kuwa babu wanda ya taɓa tambaya.